Me Ke Jawo Mutuwa a Haɗurran Ƙananan Jiragen Shaƙatawa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ji ƙaramin jirgi mai kujera biyu ya faɗi, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, ko daga ɗalibin da ya fara koyon tuƙi, ko mai shirin sayen jirgi, ko iyalin da hankalinsu bai kwanta da shigar ɗan'uwansu ba. Ga su nan an jera daga na share fage zuwa masu zurfi, kowace da lambarta don sauƙin komawa.

1. Wane irin jirgi ake nufi?

Rukuni ne da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta kafa a 2004, ana taƙaita sunansa da LSA. A dokar farko, nauyin jirgin da mutane da mai da kaya ba zai wuce kilo 600 ba, ko kilo 650 idan mai sauka a ruwa ne. Kujera biyu iyaka, inji ɗaya mai farfela, gudun da bai haura kilomita 222 a awa ba, kuma dole fukafukansa su ci gaba da ɗaukarsa ko da gudun ya sauko zuwa kilomita 83. Turai ma tana da kwatankwacinsa a ƙarƙashin hukumar EASA. A 2025 FAA ta faɗaɗa rukunin ta cire iyakar nauyi, amma galibin waɗanda ke shawagi yau bisa tsohon ma'auni aka ƙera su.

Lasisin tuƙa su ana iya samunsa da horon awa 20 a sama, alhali lasisin matuƙi mai zaman kansa na neman aƙalla awa 40.

2. Shin sun fi sauran ƙananan jirage haɗari?

Rashin nauyin yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne jirgin na sauka a hankali, kuma ƙarfin bugu yana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da gudu ya ninka biyu, don haka wanda ya taɓa ƙasa a kilomita 70 yana da kyakkyawan zaton fita da ƙafarsa. Illar kuwa, iska na wasa da shi fiye da jirgi mai nauyi, gudunsa na zubewa nan take da an sassauta wuta, kuma sandar tuƙinsa na amsa ɗan taɓi kaɗan.

Shi ya sa haɗurran sauka suke da yawa: tayar gaba ta karye, jirgi ya yi tsalle, ko iskar gefe ta fitar da shi daga titi. Irin waɗannan sukan ƙare da asarar dukiya da jin kunya, ba kasafai ake rasa rai ba. Waɗanda ke kisa daban suke.

3. To mene ne ya fi kashe mutane?

Ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi yana sama, musamman a kusa da ƙasa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta sa wannan matsala cikin jerin abubuwan da ta fi son a magance a 2015, ta kuma maimaita ta shekaru a jere. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, a yawancin irin wannan haɗari jirgin lafiyarsa lau har zuwa lokacin da ya bugi ƙasa: inji na aiki, akwai mai, babu abin da ya karye.

Matsalar inji, ko gajimare, ko ƙofar da ta buɗe, sau da yawa su ne mafari kawai. Su ke ɗauke hankalin matuƙi, shi kuma ya bar gudu ya zube. Saboda haka tambaya ta 4 ce ginshiƙin duk sauran.

4. Mene ne sitol da sifin, kuma me ya sa suke kisa a kusa da ƙasa?

Fiffike yana ɗaga jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan matuƙi ya ja sanda baya har kusurwar da fiffiken ke tarar iska ta wuce wajen digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta rabu da shi ta hargitse, ɗagawar ta yanke. Wannan shi ne sitol, kuma ba ruwansa da mutuwar inji. Idan ɗagawar fiffike ɗaya ta riga ta ɗayan yankewa, jirgin zai kife ta wannan gefe ya riƙa juyawa yana gangarowa hanci ƙasa, abin da matuƙa ke kira sifin. A can sama, mai horo kan sa ɗalibi ya yi sitol da gangan ya gyara. A tsayin mita 100 kuwa babu sararin gyara.

Inda ya fi faruwa shi ne kwanar ƙarshe kafin a miƙe wa titin sauka. Iska na tura jirgi daga baya, matuƙi ya duba ya ga ya zarce layin titi. An koya masa kada ya karkata sosai a kusa da ƙasa, don haka maimakon ya ƙara karkata sai ya taka feda don ya jawo hancin da ƙarfi. Hanci ya fara sauka, ya ja sanda baya. Fiffiken ciki ya fara nutsewa, ya tura sanda ɗaya gefen don ya ɗago shi. Kowane mataki a idonsa gyara ne, amma a haɗe sun cika sharuɗɗan sifin. Ɗagawar fiffiken ƙasa ta yanke, jirgin ya kife, kuma daga nan zuwa ƙasa daƙiƙu ne ƙalilan.

Lissafin ma ba ya goyon bayansa. Jirgin da ke sitol a kilomita 80 yana miƙe, idan ya karkata digiri 45 yana riƙe da tsayinsa zai yi sitol a kusan 95, a digiri 60 kuma a kusan 113. Maganin ba ya buƙatar gwaninta: da ka ga ka zarce layi, ka ba da wuta, ka daidaita fukafukai, ka sake zagayowa. Malamin da ke nuna wa ɗalibi cewa fasa sauka abin kunya ne, a ganina ya cuce shi.

5. Idan inji ya mutu a sama, ba shi ke nan ba?

A'a. Jirgi ba ya faɗowa don inji ya tsaya. Irin waɗannan jirage kan yi tafiyar kusan mita 10 gaba a duk mita ɗaya da suka sauko, wato daga tsayin mita 1,000 akwai wajen kilomita 10 na neman fili. Kuma da yake suna sauka a hankali, gona ko fili mai ɗan tsawo ya isa.

Wurin da mutuwar inji ta fi muni shi ne jim kaɗan bayan tashi. Hanci na sama, gudu kaɗan ne, jirgin ba shi da nauyin da zai riƙe masa gudun. Matuƙi na da daƙiƙa biyu ko uku ya tura sanda gaba, alhali ransa na ce masa ya ja baya don ƙasa na kusa. Daga nan sai jarabawa ta biyu: titin da ya baro yana bayansa, shimfiɗe, yana kiransa. Komawa kansa na buƙatar juyin da ya fi rabin zagaye, da karkata mai tsanani a ƙaramin gudu, wato daidai abin da aka bayyana a tambaya ta 4. Abin da ake koyarwa shi ne a sauka gaba, ko ɗan dama ko ɗan hagu, ko da wurin ba shi da kyau. Wanda ya shiga ƙananan bishiyoyi fukafukai a daidaice yana riƙe da jirginsa ya fi wanda ya faɗo a kife samun tsira nesa ba kusa ba.

6. Me ke sa injin ya mutu tun farko?

Sau da yawa mai ne. Ko ya ƙare saboda an dogara da gejin da ba ya faɗin gaskiya maimakon a leƙa tanki da ido, ko kuma yana nan amma bai isa inji ba saboda an bar makunni kan tankin da ya ƙafe. Dokar Amurka na neman a tashi da man da zai kai wurin sauka har da rarar minti 30 da rana, kuma wannan mafi ƙaranci ne. A 1997 mawaƙi John Denver ya rasu a gabar Kalifoniya cikin wani jirgin haɗin gida mai suna Long-EZ. Ba LSA ba ne, amma darasin ya shafe su: ya tashi da mai kaɗan, makunnin sauya tanki na bayan kafaɗarsa ta hagu, kuma masu bincike sun kammala cewa garin juyawa ya kai hannu ne ya taka feda ba da niyya ba, jirgin ya ƙwace.

Akwai kuma ruwa a cikin mai, wanda ke kwanciya a gindin tanki, shi ya sa ake tsiyayo kaɗan a ɗan kofi a duba kafin tashi. Fetur ɗin mota, wanda da yawansu ke sha, yana iya tafasa a cikin tiyo ranar zafi ya toshe hanya da tururi. Ƙanƙara ma na iya taruwa a maƙogwaron kafireta ko da rana na haskawa, idan akwai laima a iska, domin iskar da ke ratsa wurin tana yin sanyi ƙwarai.

Sai gyara. Mafi yawan waɗannan jirage na ɗauke da injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, inji mai aminci amma mai nasa ƙa'idoji: kafireta biyu da dole a daidaita su tare, tiyo da sauran kayan roba da ake sauyawa duk shekara 5, da juya farfela da hannu har a ji mai ya yi gurnani a tanki kafin a auna shi. Makaniken da ya saba da wasu injina kawai na iya kuskure a nan. Tashin farko bayan gyara ya cancanci a yi shi a saman filin jirgi, ba tare da fasinja ba.

7. Me ya sa shiga gajimare ko hazo ke da haɗari haka?

Domin jikin ɗan Adam ba ya iya gane sama da ƙasa idan ido bai ga sararin samaniya ba. Kunnen ciki, wanda ke riƙe da daidaito, yakan saba da karkata a hankali har ya ɗauke ta a matsayin miƙewa. Matuƙi na jin yana tafiya daidai, alhali jirgin na zagaye yana nutsewa. Ya ga tsayi na raguwa, ya ja sanda, zagayen ya ƙara matsewa, gudu ya ƙaru. A wani gwaji da Jami'ar Illinois ta yi a 1954, an ɗauki matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura aka rufe musu ganin waje; a matsakaici, cikin daƙiƙa 178 jirgi ya ƙwace musu.

Dokar 2004 ta taƙaita mai lasisin tuƙa waɗannan jirage ga tashi da rana, da ganin nisan aƙalla mil 3, kuma dole yana ganin ƙasa. Amma doka ba ta hana gajimare saukowa a tsakiyar tafiya. Abin da ke faruwa shi ne mutum na da alkawari, ko yana son kwana a gida, sai ya riƙa yin ƙasa yana bin gindin gajimare har ya haɗu da tsauni ko dogon ƙarfen sadarwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma wanda ya riga ya tashi ya juya tun hanyar baya na buɗe.

8. Yaya batun shawagi ƙasa-ƙasa?

Jiragen an yi su ne don jin daɗi, kuma daɗin ya fi yawa kusa da ruwa da bishiyoyi. Haɗurra biyu na jirgin ICON A5 a 2017 sun nuna yadda abin ke ƙarewa. A watan Mayu, a tafkin Berryessa da ke Kalifoniya, wani gogaggen matuƙin gwaji na kamfanin da abokin aikinsa sun shiga wani kwari mara mafita bisa kuskure suna ƙasa-ƙasa, babu sararin juyawa kuma babu damar haurewa. A watan Nuwamba, tsohon tauraron wasan besbol Roy Halladay ya rasu a gabar Fulorida yana hawa da sauka masu tsanani dab da ruwa. NTSB ta ce magungunan da ke jikinsa sun taɓa tunaninsa (duba tambaya ta 12).

Wayoyin lantarki ba sa ganuwa sai an zo kansu, ruwa mai kwanciya lumui yana ɓoye ainihin tsayi. Haɗari mafi ban takaici kuwa shi ne na wanda ya zo wucewa ta saman gidan 'yan'uwa don a gan shi, ya ja hanci sama da ƙarfi yana waiwaye, jirgin ya yi sitol a gaban idonsu.

9. Nauyi da zafin rana na da tasiri?

Sosai. A ce jirgi na da kilo 350 ba kowa a ciki. Saura kilo 250. Manya biyu masu kilo 90 kowanne sun cinye 180, lita 90 ta mai kuma kusan kilo 65 ce. Jaka ɗaya ta isa ta ƙetare iyaka. Idan kuma kayan sun taru a baya, hanci zai riƙa son ɗagawa, fita daga sitol ta yi wuya.

Iska mai zafi, ko ta wuri mai tudu, ba ta da kauri. Inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, farfela ba ta kamawa sosai, fiffike na neman ƙarin gudu. Titin da ya wadatar da sanyin safiya yana iya gazawa da azahar. Matuƙi ya ga bishiyoyin ƙarshen titi na matsowa, ya ɗaga jirgin kafin lokacinsa, sai a koma tambaya ta 4.

10. Fiffike na iya karyewa a sama?

Yana faruwa, ko da yake ba shi da yawa. Sanannen misali shi ne Zodiac CH 601 XL: a Afrilun 2009 NTSB ta buƙaci FAA ta dakatar da shi cikin gaggawa bayan jerin haɗurran da jirgin ya wargaje a sama. Ana zargin wata irin karkarwa ce da ke kama fiffike ta ƙaru cikin ƙiftawar ido. Daga baya an fito da gyaran da ya ƙarfafa ƙashin fiffiken.

Ya kamata mai saye ya san cewa FAA ba ta gwada waɗannan samfura yadda take yi wa manyan jirage. Kamfani ne ke shaida cewa ya bi ma'aunin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙira. Don haka bin sanarwar gyara daga kamfani wajibi ne. Ban da lahanin ƙira, fiffike kan karye idan an wuce iyakar gudu mai jar alama a geji, ko an ja sanda da ƙarfi bayan fitowa daga gajimare a nutse, ko an yi alkafura da jirgin da ba a yi shi don haka ba. Masu naɗe fukafukai don ajiya kuma, ƙusa ɗaya da aka manta wajen haɗawa ta isa.

11. Murfi ko ƙofa ta buɗe a sama, jirgin zai faɗi?

Galibi jirgin na ci gaba da tashi, sai dai ƙara da iska da takardu na watsewa. An rasa rayuka ne saboda matuƙi ya saki sanda ya miƙa hannu biyu yana kokawa da murfi a tsayin mita 50. A bar shi a buɗe, a riƙe gudu, a zagayo a sauka. Littafin kowane samfuri na faɗin abin yi, kuma a ƙasa ake karanta shi.

12. Lafiyar matuƙi fa?

A Amurka lasisin tuƙin mota kan wadatar a madadin takardar likita, abin da ya ɗora wa matuƙi nauyin yi wa kansa hisabi kafin kowane tashi. Doka ta hana tashi cikin awa 8 bayan shan barasa. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne maganin mura da na ƙaiƙayi da ake saye ba takardar likita: wani nazarin NTSB na 2014 ya gano cewa diphenhydramine, mai sa barci, shi ne ya fi bayyana cikin magunguna masu dusashe hankali a jinin matuƙan da suka rasu.

Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Jirage da yawa na ɗumama ɗaki da iskar da ta ratsa jikin salansa, don haka ɗan tsagu ya isa. A haɗarin Janairun 2019 da ya kashe ɗan ƙwallo Emiliano Sala a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff, cikin jirgin da ya fi waɗannan girma, an sami wannan guba da yawa a jininsa, kuma hukumar binciken haɗurran jirage ta Birtaniya, AAIB, ta ce da alama ta shafi matuƙin ma. Na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar ba ta da girma ko nauyi.

13. Ashe ba sababbin matuƙa ne kawai abin ke shafa ba?

Ko kusa. Wanda ya shekara yana tuƙa jirgi mai nauyi yakan zo da raini, yana ganin wannan abin wasa ne, sai ya tarar hannunsa ya yi masa nauyi kuma gudu na gudu daga gare shi wajen sauka. Ya fi tsanani ga mai komawa jirgi mai rataye a ƙarƙashin fiffiken ƙyalle, inda ake tura sanda gaba don a hau, akasin abin da jikinsa ya saba. Awoyi kaɗan tare da malamin da ya san ainihin samfurin sun fi dubban awoyi a wani jirgi amfani a ranar farko. Sai kuma mai tashi jefi-jefi, wanda ke barin watanni tsakani sannan ya ɗauki fasinja.

14. Laimar da ke sauko da jirgi gaba ɗaya tana ceto?

Tana ceto, kuma ta ceci mutane da dama. Roka ce ke harba ta idan an ja wani hannu a ɗakin tuƙi. Kamfanin BRS ya fara wannan sana'a a 1980, Jamus kuma ta wajabta ta a ƙananan jiragenta marasa nauyi. Ta fi amfani a karyewar fiffike, karo a sama, ruɗewa cikin gajimare, ko mutuwar inji a saman daji da duwatsu.

Iyakarta ita ce tana buƙatar tsayi da lokaci kafin ta buɗe, don haka ba ta cika taimakawa a sifin na kwanar ƙarshe ba. An kuma sami haɗurran da laimar na nan ba a ja ta ba, ko dai matuƙi ya yi ta ƙoƙarin ceton jirgi har lokaci ya ƙure, ko an manta ba a zare ƙusar kariya kafin tashi ba. Fasinja ma ya kamata a nuna masa hannun da yadda ake jansa.

15. Ta yaya ake gano dalili, tunda ba su da baƙin akwati?

Tarkacen na magana. Idan sun taru wuri ɗaya, hanci ya nutse, fiffike ɗaya ya fi murƙushewa, alamar sifin ce. Idan sun bazu a dogon layi, jirgin ya iso da gudu ne ko ya wargaje tun a sama. Farfelar da ta daddatse ta nuna inji na aiki, wadda ruwanta ɗaya kawai ya karye ta nuna ya tsaya ko yana juyi ba ƙarfi. Ana duba tanki da kafireta a ga ko akwai mai ko ruwa, a bi wayoyin sarrafawa ɗaya bayan ɗaya, a gwada jinin matuƙi. Allunan na'urorin tuƙi na zamani irin na kamfanonin Garmin da Dynon kan adana gudu da tsayi da bayanan inji, wayar hannu da kyamara ma kan taimaka.

Maganar shaidu a ranar farko a riƙe ta da hattara, domin sauyin ƙarar inji yayin da jirgi ke juyawa kan sa a rantse cewa ya mutu. A tsarin ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, manufar bincike hana maimaituwa ce, ba ɗora laifi ba. NTSB kan fitar da rahoton farko cikin 'yan makonni, na ƙarshe kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Rahotanninta da na AAIB a buɗe suke a intanet, kuma mai shirin saye ko hawa wani samfuri na iya neman sunansa ya karanta abin da ya taɓa faruwa da shi.